Tsakanin motar caji da motar gayu mai tsohon fasali: lissafin mai saye a Birnin Kebbi

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya kau, duk mai shirin sauya mota sai ya fara lissafin lita kafin ya kalli fenti. A cikin masu ɗan hali, waɗanda suka riga suka mallaki Corolla ko Hilux suna neman ta biyu, gardamar ta fi zafi a kan iri biyu da ba abin da ya haɗa su sai ƙafa huɗu. Ga motar lantarki, wadda ba ta san hanyar gidan mai ba. Ga kuma motocin gayu na Amurka masu ƙofa biyu, waɗanda aka sa wa sabon inji amma aka bar musu fuskar kakanninsu. Mai son ta farko ya gaji da layin mai. Mai son ta biyu yana ganin motar da ba ta ruri ba ta cika mota ba. Kowanne yana da hujja, sai dai hujjar da ta ci a Abuja ko Dubai ba lallai ta ci a Gesse ko Badariya ba, domin a nan rana da wutar gida da ƙura da bakanike ne alƙalai.

Motocin gayun da ake magana a kai guda uku ne suka fi shigowa ƙasar nan. Ford Mustang ta fara fita a 1964, kuma samfurin 2005 ne ya koma wa waccan siffar ta farko. Dodge Challenger ta dawo a 2008 da jikin 1970, aka daina ƙera ta a ƙarshen 2023. Chevrolet Camaro ta 2010 ta kwaikwayi ta 1969, samfurin 2024 ne na ƙarshenta a wannan zubin. A ɓangaren lantarki kuwa, abin da dillalai suka fi kawowa shi ne Nissan Leaf, Tesla Model 3, Hyundai Kona, da motocin BYD na China irin su Atto 3 da Dolphin.

Wutar gidanka

Motar lantarki ba a gareji ake fara duba ta ba, a jikin mita ake farawa. Yunit ɗaya da kake saye a mitar kati shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, kuma da shi ake auna batirin mota. Atto 3 tana zuwa da batir mai yunit 50 ko 60, babbar Kona 64, Leaf ta farko 24 kacal. Matsakaiciyar mota tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100. A zafin nan, da esi a kunne ko yaushe, ka ɗauki 18. Kusan kashi 10 cikin 100 na wutar yana salwanta ya zama zafi a lokacin caji, don haka abin da mita za ta ƙirga yunit 20 ne.

Yanzu ka kai shi kan kuɗi. Farashin rukunin Band A, wanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, ya tashi zuwa Naira 225 a Afrilun 2024, daga baya ya koma 209.5 a Yulin 2024. Yunit 20 ke nan kimanin Naira 4,200 a kilomita 100. Challenger mai silinda takwas tana shan lita 15 a wannan tazarar cikin gari. Idan muka ƙaddara lita a Naira 900 (ka sauya da farashin ranar da kake karantawa), Naira 13,500 ke nan. Wanda ke yin kilomita 15,000 a shekara zai ga ratar da ta kusa Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. A takarda, motar lantarki ta yi wa ta fetur fintinkau.

Amma takardar ta ɗauka cewa wutar tana nan. Soket ɗin gida mai amfiya 13 ba a jan fiye da amfiya 10 a cikinsa na dogon lokaci, in ba haka ba ya narke. Amfiya 10 a bolt 230 kilowat 2.3 ne, wato cika batir mai yunit 60 daga ƙasa zai ci kusan awa 30. Wanda unguwarsu ke samun wutar Kaduna Electric awa biyar ko shida a rana, ya lissafa kwana nawa ke nan. Abin da ke ceton lamarin shi ne ba kullum ake cikawa daga ƙasa ba. Mai tafiyar kilomita 50 a rana, daga gida zuwa ofis, ɗauko yara, leƙa gona ko zuwa Kalgo, yunit 10 yake buƙata, awa huɗu da rabi a soket.

Cajar bango mai kilowat 7.4 tana cika batirin a awa tara, sai dai tana jan amfiya 32, fiye da abin da wayarin gidaje da yawa zai ɗauka. Tana son layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta: wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 6 idan tazarar gajera ce, 10 idan ta yi nisa, bireka mai amfiya 40, na'urar yanke wuta idan ta zurare mai miliamfiya 30, da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa sosai. A ƙasarmu mai yashi, sandar nan tana rasa aiki da rani saboda bushewa, sai caja ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Maganinsa doguwar sanda, ko biyu a haɗe, a wurin da ke samun danshi. Wata matsalar ita ce wuta marar ƙarfi: da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, taransifoma mai nauyi takan sauko da wuta ƙasa da bolt 200, caja ta rage ja ko ta tsaya. Sannan ka duba rubutun jikin cajar hannu da ta biyo motar Amurka. Idan bolt 120 kaɗai aka rubuta, kada ta kusanci soket ɗinmu.

Janareto fa? Nan ne riba ke zubewa. Ƙaramin janareton fetur yana ƙona kusan lita 0.6 kafin ya ba da yunit ɗaya. Yunit 20 lita 12 ke nan, wato ka sayi motar lantarki tana shan mai fiye da Camry, ga hayaƙi ga ƙara. Ƙari a kan haka, cajoji da yawa ba sa karɓar wutar janareto sai mai wayarin ya haɗa masa wayar ƙasa yadda ya kamata. A bar shi don ranar larura.

Sola ce ke mayar da motar lantarki abin hankali a Kebbi, domin rana dai Allah ya hore mana. Faranti mai wat 550 yana ba da yunit biyu da ɗan ɗori a rana bayan an cire asarar zafi da waya. Biyar sun isa yunit 10 a lissafi, amma a aikace takwas zuwa goma ake warewa, da inbata mai kilowat 5, saboda caja ba ta aiki ƙasa da amfiya 6, kuma da zarar gajimare ya gifta wutar ta faɗi sai ta yanke. Lokacin hunturu ƙura na rufe faranti, sai an riƙa wankewa duk mako da sassafe. Tambayar da mutane ke mantawa: ina motar take da tsakar rana? Idan tana fake a Sakatariya daga takwas zuwa huɗu, farantan gida ba su amfane ta ba, sai an ƙara batirin gida mai yunit 10 ko fiye ya tara mata na dare. Kuɗin wannan duka a cikin farashin motar za ka sa shi. Ɗan haya, wanda ba zai iya huda rufin mai gida ba, gara ya haƙura tukuna.

Kada kuma a manta da Satumbar 2023, lokacin da gobara ta kama tashar kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa (TCN) ta Birnin Kebbi, Kebbi da Sakkwato da wani yanki na Zamfara suka shiga duhu. Mai sola bai ji a jikin motarsa ba. Mai jiran wutar layi kuwa da ƙafa zai taka.

Zafi da batir

Batirin litiyam ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 30. Watannin Maris, Afrilu da Mayu a nan suna haura 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa, ga shi batirin a ƙarƙashin mota yake kwance. Zafi ba ya kashe shi rana ɗaya, cin sa yake a hankali, musamman in an bar shi cike fal a rana.

Saboda haka tambaya ta farko ga dillali ita ce yadda ake sanyaya batirin. Tesla da Kona suna zagaya shi da ruwan sanyi, BYD ma tana da tsarin sanyayawa. Leaf ta ƙarni na farko da na biyu ba ta da ko ɗaya, iska kawai take jira. Tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, mai zafi irin namu, suka fara kukan batir na raguwa da wuri. Ita ce mafi araha a kasuwar tokumbo, kuma araha ba ta ado. A allonta akwai sanduna 12 masu nuna lafiyar batir. Ta farko tana faɗuwa idan ya sauko kusan kashi 85. Mai sanduna takwas a kan batirin yunit 24 ba za ta wuce kilomita 70 zuwa 80 ba, Jega da dawowa ma sai da addu'a.

Tambaya ta biyu, wane irin haɗi ne a ciki. Akwai LFP, wato haɗin litiyam da ƙarfe da fosfet, wanda BYD ke sawa a motocin nan da kuma ƙaramar Model 3 ta daga 2021. Ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma ana so a cika shi 100 sau ɗaya a mako don kwamfutar motar ta daidaita lissafinta. Akwai kuma mai nikel da kobalt, wanda ya fi ɗaukar wuta a nauyi ɗaya amma yana son a riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80, kada a cika shi sai daren tafiya. A ganinmu, ga yanayin Kebbi, LFP mai tsarin sanyayawa shi ne zaɓi, ko da zangonsa ya ɗan gaza. Kowanne ka saya, yi masa rumfa, kuma kada ka jona caja da ka dawo daga doguwar tafiya da azahar. Bari ya huce zuwa dare.

Zangon da aka rubuta a talla kada ya ruɗe ka. Ma'aunin China, CLTC, ya fi kowanne zuzutawa. Ka cire masa kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku. A babbar hanya, da gudun kilomita 110 da esi, cin wuta yana kai yunit 20, batir mai 60 ya ba da kilomita 300, in ka bar na tsaro 250. Argungu da dawowa wasa ne. Sakkwato, mai nisan kusan kilomita 150, za ka je lafiya amma ba za ka dawo ba sai ka yi caji a can. Hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar cajin sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, sai dai ba a ɗora tafiya a kan tasha ɗaya ba tare da an tabbatar tana aiki a ranar ba, kuma bakinta ya dace da naka. Bakunan caji kala-kala ne: motar China GB/T, ta Turai Type 2 da CCS2, ta Amurka Type 1 da CCS1, Tesla ta Amurka nata daban, Leaf kuma CHAdeMO. Yawuri sai ka kwana kana caji. Abuja, da ta haura kilomita 600, ba hanyar motar nan ba ce a yanzu. A hanyoyin da ba a son tsayawa ko kaɗan, irin wasu sassan Zuru ko Gusau zuwa Funtuwa, mota mai buƙatar awoyi a tsaye ba abin gwaji ba ce.

Wajen gyara kuwa tana da sauƙi ƙwarai, har ranar da ta ƙi. Ba juyen mai, ba fulogi, ba salansa, ba bel, birki yana daɗewa saboda motar na rage gudu da injinta tana mayar da wuta batir. Abin da aka fi sauyawa shi ne taya, don nauyi da fizga suna cinye ta da wuri, sai matatar iskar ciki da hunturu ke toshewa, sai ƙaramin batir mai bolt 12. Wannan ƙaramin shi ya fi yawan tsayar da motocin lantarki: in ya mutu, ko babban yana cike motar ba za ta tashi ba, kuma zafi na gajarta masa kwana. Abubuwa uku ne ba a bar wa bakaniken da bai koya ba. Wayoyi masu launin lemo suna ɗauke da bolt 350 zuwa 400, suna kisa. Kwamfuresan esi da wannan wutar yake aiki, kuma mai na musamman yake sha wanda ba ya wuce da lantarki. In mai ɗurin gas ya zuba masa man esin mota na gama-gari, kwamfuta za ta ga wuta na zurarewa ta kulle motar. Na uku, ba a ja ta da igiya kamar yadda aka saba, domin juyawar ƙafafun na haifar da wuta da ke iya ƙona na'urar sarrafa injin. Sai dai a ɗora ta a bayan babbar mota.

Mai ruri

Motar gayu ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan matsalolin. Tankin Challenger lita 70 ne, na Mustang kusan 60, minti biyar an cika, kuma a buɗaɗɗiyar hanya mai injin V8, wato silinda takwas, na iya yin kilomita 500 ko fiye. Nata ciwon daban ne, kuma daga cikin tankin yake farawa.

Ƙarfin fetur ana auna shi da lambar oktan. Fetur ɗinmu iri ɗaya ne a kowane famfo, wajen 91 a ma'aunin RON, wanda ya yi daidai da 87 a rubutun Amurka, wato mafi ƙasƙanci a can. Injin Pentastar na Challenger mai lita 3.6 da silinda shida, mai ƙarfin doki 305, da shi aka tsara shi. Injinta Hemi mai lita 5.7 ya fi son 89 amma yana haƙuri da 87. Mustang GT mai lita 5.0 tana tafiya da shi, ta dai rage ƙarfi. Amma manyan samfuran Challenger, Scat Pack mai lita 6.4 da doki 485, da Hellcat mai lita 6.2 da doki 707, 91 na Amurka suke buƙata, kusan RON 95, wanda ba za ka samu a gidan mai a Kebbi ba. Fetur mai rauni a inji mai matsi da zafin digiri 42 yana fashewa kafin lokacinsa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kwamfuta tana ja da baya don kare injin, amma tana da iyaka. In aka ci gaba da taka ta, fistin ne ke tsagewa. Mustang mai ƙaramin injin tabo (turbo) na lita 2.3 ma ba ta son a danne ta a babbar giya da raunin mai. Man 'yan bumburutu kuwa, wanda ba ka san abin da aka gauraya masa ba, kada ya shiga ko ɗaya. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai metanol na Fabrairun 2022 ya san ko famfo ba kullum yake da tabbas ba.

Sai baƙin mai. Al'adar garejinmu ita ce a zuba mai kauri 20W-50 wai saboda zafi. Injinan nan suna amfani da matsin mai wajen juya lokacin buɗe bawul, kuma Hemi mai giyar otomatik yana kashe silinda huɗu a tafiyar sauƙi ta hanyar ƙananan ramukan da mai kauri ba ya ratsa su da sauri. Hemi 5.7 lita 6.6 na 5W-20 yake sha, 6.4 da 6.2 kuma 0W-40. Mustang GT ta 2011 zuwa 2017 lita 7.6, ta 2018 zuwa sama lita 9.5, wato galan biyu ba sa isa. A ƙurarmu, kowane kilomita 5,000 a juye, a duba matatar iska. Sanannen ciwon Hemi shi ne ƙarar ƙyas-ƙyas daga sama: wani lokaci kusoshin bakin salansa ne suka karye, wannan da sauƙi, wani lokaci kuma abin ɗaga bawul ne ya daskare yana cin sandar kam, wannan sai an buɗe inji. Barin mota a kunne a tsaye tsawon lokaci don shan esi, abin da kowa ke yi da azumin bazara, yana cikin abubuwan da ake dangantawa da shi. Pentastar kuma gidan matatar mansa na roba ne, zafi na tsaga shi mai ya taru a tsakiyar inji. Akwai na alminiyam da ake sauyawa da shi. Ƙaramin abin mamaki ga mai sayen kaya: Hemi silinda takwas ne amma fulogi 16 yake ɗauka, biyu a kowace.

Kada ka yarda a cire maka tamostat, kada a cika lagireto da ruwan rijiya. Kan injin alminiyam ne, gishirin ruwa na cin sa, kuma in ya tafasa sau ɗaya ya lanƙwashe. Giyar otomatik mai hawa takwas ta Challenger daga 2015 ba ta da sandar duba mai, nata man daban ne, ba jan man da ake sayarwa a bakin hanya ba.

Ƙasa da ƙasa, cikin motocin nan bai fi santimita 12 zuwa 14 daga kwalta ba. Tudun rage gudu na cikin garuruwan hanyar Jega ko Argungu sai an hau shi a karkace, gangaren ƙofar gida ma sai an gyara. Abin da ke fara tafiya leɓen bamba ne, sai kaskon mai. Tayar 245/45 R20 gefenta santimita 11 ne, rami ɗaya da gudu ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa wili, kuma ba kowane mai faci ke da injin cire ta ba tare da ya kankare wilin ba. Motar gayu galibi da ƙafafun baya take ja, don haka yashin lungu da laka ta fadama da damina abokan gabarta ne. Model 3 ma a ƙasa take, kusan santimita 14, kuma abin da zai gogi dutse a nata cikin batir ne. Atto 3 da Kona sun fi su tsayi kaɗan. Kayan gyara daga Apo a Abuja, Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ake aikowa. Na inji ana samu tunda Charger da Chrysler 300 da Grand Cherokee suna raba injin da Challenger, amma fitila, bamba da gilashin ƙofa sai a jira jirgin ruwa.

Mustang da Camaro kujera huɗu ne a suna, na baya na yara ne. Challenger ta fi su fili da but. Hajiya da lafaya ko Alhaji da babbar riga ba za su sunkuya su shiga baya sau biyu ba. Camaro tagoginta ƙanana ne, ɗan kabu-kabu na iya ɓacewa a gefenta. Motar lantarki kuma shirunta ne haɗarin: awaki da yara ba sa jin zuwanta a lungu, hannu ya zauna kusa da hon. Ta fuskar tsaro, jar mota mai ruri tana sanar da zuwan mai ita tun daga nesa, kowa ya san ta wane ce da lokacin fitarsa.

In gudu ne dalilin, gardamar ta mutu tuni. Model 3 Performance tana kai kilomita 100 a daƙiƙa uku da 'yan kai, ta bar Challenger R/T a baya. Abin da mai V8 ke saye shi ne sauti, girgizar sitiyari, da juyowar mutane ranar ɗaurin aure. Ba abin raini ba ne, masu ƙera mota ma sun sani: Dodge Charger Daytona ta lantarki da ta fito a 2024 lasifika aka sa mata tana kwaikwayon rurin inji. Mutanen da suka gaji hawan sallah sun san wannan lissafin. Mai doki bai saye shi don kai buhu kasuwa ba, kuma ya san zai ci harawa da dusa ko an hau shi ko ba a hau ba. Wanda ya ɗauki Challenger a matsayin doki, ya zaɓi V6 ko 5.7, ya bar Hellcat wa masu hoto, ba zai yi nadama ba. Wanda ya ɗauke ta a matsayin jakin gida zai sayar kafin shekara, kuma masu sayenta ba su da yawa, sai an kai Abuja ko Kano. Motar lantarki tokumbo ma tana faɗuwa a kasuwa, don duk mai tayawa tsoron batir yake, garantin shekara takwas ko kilomita 160,000 da kamfanoni suka saba bayarwa kuma ba ya biyo motar da aka shigo da ita ta hannun dillali.

Akwai ta tsakiya da ta cancanci ambato. Chevrolet Volt, wadda Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ya zana siffarta ta farko a General Motors kafin ya shugabanci NADDC, samfurinta na farko yana yin kusan kilomita 55 da batir, sannan injin fetur ya karɓa. An daina ƙera ta a 2019, amma irin tsarinta, na caji da fetur a mota ɗaya, yana nan a motocin Toyota da BYD, kuma shi ya fi kama da rayuwar mai mota ɗaya tak a jihar nan.

Kafin ka biya

Takardun kwastan farko. A Janairun 2017 an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, don haka wadda aka ce ta biyo ta Kamba ko Tsamiya da rahusa a tabbatar da takardarta a ofishin kwastan. Kada ka karɓi wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, abin da ya zama ruwan dare a Leaf ta Japan da ta Ingila. Ka binciki lambar jikin mota mai harafi 17 a intanet. Da yawan motocin Amurka iri biyun nan daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta ci suke fitowa. Ɗaga kafet, shinshina, duba tsatsa a ƙarƙashin kujera, a Challenger ka buɗe but inda batirinta yake. Motar lantarkin da ta sha ruwan teku kada ka karɓa ko kyauta, domin gishiri na ci gaba da aiki a cikin batir har ya tashi da wuta bayan watanni.

A motar lantarki, sa a jona na'urar OBD, wadda ke karanta kwamfutar mota, a duba lafiyar batir. Ƙasa da kashi 85 a rage kuɗi sosai, ƙasa da 75 a bar ta. Ɗaga ta sama ka duba cikin batirin ko ya loma. Idan ta kasuwar cikin gidan China ce, tabbatar allon na juyuwa zuwa harshen da kake karantawa. Kona ta 2018 zuwa 2020 da Chevrolet Bolt an yi musu kiranye saboda haɗarin gobarar batir, a nemi shaidar an yi aikin. A motar gayu, je da sassafe inji na sanyi, ka tayar da kanka ka saurari minti na farko, don ɗumi na ɓoye ƙarar bawul. Duba ko fitilar gargaɗin inji na kamawa in an murɗa makulli, akwai masu cire ta.

Gwaji na ƙarshe a gidanka ake yin sa. Motar caji ta kwana ɗaya a jone da soket ɗinka, ka rubuta kashi nawa ta kwanta da shi, nawa ta tashi da shi, ka taɓa soket ɗin bayan awa ɗaya ka ji ko ya yi zafi. Motar gayu kuma a cika tanki, mutum huɗu su zauna, a shiga da ita ƙofar gidanka a fito, wani na tsugune a gefe yana kallon tazarar da ta rage tsakanin salansa da siminti.